Kwano Biyu da Suka Ƙi Shiga Kasafi

Unguwar Ƙofar Kuyambana,
Birnin Zariya.
14 ga Agusta, 1988.

Zuwa ga yayana, madadin mahaifina, Malam Kabir Jibril, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da girmamawa irin wadda ta wajaba a kan ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta riske ka cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya, kai da Yaya Mariyamu da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sanya albarka a cikin guminka, ya kare ka daga zazzaɓin wannan ƙasa taku wadda aka ce ruwan sama ba ya ɗauke mata. Allah kuma ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Mu nan muna godiya ga Allah. Damina ta kankama sosai, har katangar bayan gida ta ɗan zabge ta wajen durumi, amma mun tare wurin da zana kafin rani ya zo. Ƙanwarmu Sakinatu ta kammala jarrabawarta tana jiran sakamako, ƙananan kuma suna hutun makaranta suna cin abinci kamar fara. Ni kuwa har yanzu digirina yana ƙarƙashin katifa, domin duk ofishin da na shiga sai a ce mini an dakatar da ɗaukar ma'aikata sai abin da hali ya yi. Game da Inna, ban ce maka lafiya lau take ba, saboda ba zan buɗe takarda da abin da ba haka yake ba. Dominta na ɗauki alƙalami, kuma ina roƙonka ka karanta a zaune.

Za ka tuna ranar da aka yi addu'ar arba'in ɗin Baba, da ka kira ni zaure ka danƙa mini makullin ɗakin hatsi, ka ce tunda ni ne na karanta sha'anin gudanarwa a jami'a, sashen Kongo, to ga fagen da zan nuna abin da na karanta. Ka ce albashinka ba ƙaruwa yake yi ba, abin da kake aikowa duk wata shi ne iyakarsa, hatsin da aka saya da kaka kuma dole ya kai mu wata kakar. Na karɓi wannan amana da muhimmancin da ya kamace ta. Na zauna na yi nazari mai zurfi bisa ƙa'idojin tattalin arziki, na fitar da kasafi wanda, ba yabon kai ba, ko a ma'aikatar kuɗi aka gabatar da shi ba za a ji kunya ba. Ginshiƙinsa falsafa ce guda ɗaya tak, wato daidai ruwa daidai tsaki. Kowace safiya ni da kaina nake buɗe ɗaki, in auna wa Inna dawa ko masara gwargwadon bakunan da ke cikin gida, in mayar da ƙofa in kulle. Kuɗin cefane kuma na kasa shi mako-mako, na haramta wa wannan mako ya taɓa haƙƙin na gabansa. Tun daga ranar Inna ta daina kirana da sunana, ta raɗa mini Akawu.

Sai dai ban daɗe ba na fahimci cewa kasafi a cikin birnin Zariya yana da abokan gaba waɗanda ba a ambace su a littafi ba. Akwai hauhawar farashi, wadda tun da aka shigo da wannan shirin gyaran tattalin arziki da ake kira Saf ta zama kamar ciwon ajali: man gyaɗan da ka taya da safe ba shi za ka biya da yamma ba, kananzir sai ka yi layi, sabulu kuwa ya koma abin da ake yankawa a ɓoye. Wannan na yi tanadinta tun farko, domin mun karance ta. Abin da ban yi wa tanadi ba shi ne zumunci. 'Yan'uwan Inna suka kawo mara lafiya asibiti daga ƙauye, suka sauka a gidanmu har aka sallame shi, kuma ba a ce wa baƙo ba ya cikin ƙiyasi. Kafin mu farfaɗo aka haihu a maƙwabta, aka ɗaura aure a dangi, ko'ina sai an kai gudummawa. Duk ƙarshen wata sai in tarar kasafina yana yoyo kamar soron da ba a yaɓe ba. Na rage nama, na rage mai, na soke shayin safe, amma duk da haka idan na leƙa ɗakin hatsi sai in ga buhuna suna sauka da gaggawar da ta saɓa wa lissafi. A nan ne na shiga binciken duk wata ƙofa da abinci ke fita ba bisa larura ba, sai idona ya faɗa kan kwanukan nan guda biyu.

Ka san su sarai. Tun muna yara, kullum kafin magariba Inna takan kwashe tuwo a langa biyu kafin kowa ya samu nasa, ɗaya a kai unguwar Kusfa wurin Gwaggo Adama yayar Baba, ɗaya a kai wa Malam Lado abokin karatunsa, wanda yanzu idanunsa suka rufe. Ita ce ciyayyar da muka tashi muka tarar. Na tara mutanen gida na yi musu bayani dalla-dalla cewa ciyayya al'ada ce ta zamanin yalwa, cewa Gwaggo tana da 'ya'ya maza, Malam Lado kuma yana da ɗalibai, don haka mantiƙi ya hukunta a dakatar da kwanukan na wucin gadi har zuwa kaka. Inna tana tsince wake a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba, sai da na gama kaf ta ce to, Akawu, yadda ka gani. Na ɗauki wannan a matsayin amincewar majalisa. Washegari na zabge awon kwano biyu daga abin da nake fitarwa.

A watan da ya biyo baya, karon farko kasafi ya zauna da gindinsa, har na fara tsara kalmomin da zan yi maka albishir da su. Sai ran nan bayan sallar la'asar, ina gaisawa da mutane a ƙofar masallaci, Malam Lado ya shaida muryata ya kamo hannuna. Ya ce in gaya wa Inna miyar kuɓewar jiya ta tuna masa da marigayi, Allah ya yi mata albarka. Sannan ya yi dariya ya tambaye ni ko Saf ɗin ya shiga har cikin tukunyarmu ne, don ya ji malmalar ta rame kamar albashin ma'aikaci. Na taya shi dariya ina laluben rigata. Makulli yana aljihuna, ko wanka zan shiga da shi nake shiga. To ina tuwon yake fitowa? Da farko na zargi Sakinatu da mallakar wani makulli, har na sauya kwaɗo. Da na tsare ta da tambayoyi sai ta fashe da kuka, ta ce ita ce ke ɗauka a ƙarƙashin mayafi ta kai, amma Inna ta hana ta faɗin sauran. Iyakar abin da ta yarda ta ce shi ne in daina duba ɗakin hatsi, in duba kwanon Inna.

Yaya, a nan ne abubuwan da na gani da idona ban karanta su ba suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Inna ta fara da azumin Litinin da Alhamis, muka ce Allah ya ba da lada. Daga nan ta shiga wata ramuwa wadda ba ta ƙarewa. Ranar da ba ta azumi kuma sai ta ce ta ci a bakin murhu tana tuƙi, ko ta ce tuwon dare ya fara yi mata nauyi. Zoben azurfarta da ka saya mata, na ga ta naɗa masa zare don kada ya zame, na ɗauka ado ne irin na tsofaffi. Ashe rabonta na dare da ɗumamenta na safe take haɗawa ta raba a langa biyu, ita kuma ta wuni a kan ruwan koko da ɓarin goro.

Ina cikin tunanin lafazin da zan tunkare ta da shi, don ka san ba a tsare uwa da tuhuma kamar ɗalibi, sai abin da nake tsoro ya riga ni. Ranar Juma'ar da ta wuce waccan, da hantsi, ta je rijiya ɗebo ruwan alwala. Ina zaure na ji ƙarar guga ya koma ciki da igiyarsa, na ji ihun Sakinatu. Na tarar da Inna a kwance a gefen rijiyar, kanta a kan dutsen baki, hannunta ɗaya yana lilo ta ciki. Allah ne ya sa ta faɗi ta gefe. Da gaba ta faɗi, da wannan takarda wani labari take ɗauke da shi. Har yanzu idan na rufe ido hannun nan nake gani. Maƙwabcinmu Zailani direba ya kai mu asibiti a motarsa. Likita ya ja fatar idonta ya nuna mini, fari fat kamar takarda. Ya ce ƙarancin jini ne mai tsanani tare da gyambon ciki, ya ce magungunan da zai rubuta ba za su yi komai ba in babu abinci, kuma idan ta sake faɗuwa a wannan hali ba ya ɗaukar mana alkawari. Sannan a gaban mutane ya tambaya ko ba ma ba ta abinci ne a gida.

Da muka dawo ta ɗan samu ƙarfi, na zauna a bakin gadonta na jero mata hujjoji, na addini da na kimiyya, cewa jiki amana ne, cewa wanda ba shi da shi ba a ɗora masa kyauta ba. Ta bar ni na gama kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Akawu, ranar da aka kawo ni gidan nan, kafin a nuna mini ɗakina aka nuna mini kwanon Kusfa. In ya daina fita, sai a ce Malam mahaifinku ya tafi da gidansa. Ni ba za a binne shi sau biyu ina raye ba." A ranar na mayar da awon kwanukan, na ƙara da na jinya.

Kada ka ɗauka ina cewa lissafina ya yi kuskure. Alal haƙiƙa daidai yake, kuma daidaituwarsa ce take hana ni sukuni. Bisa awon da muke yi yanzu, hatsin da ya rage ba zai kai mu sabon gero ba, balle dawa. Jiya da na zura kwanon awo a buhun ƙarshe na masara sai na ji ya kankari ƙasa. Ka kuwa san yadda hatsi yake a kasuwa a watan Agusta, lokacin da mai shi ke zaune yana kaɗa ƙafa, mai nema yana rantsuwa.

Ganin haka na yanke shawarar bin hanyar diflomasiyya. Na tafi Kusfa da niyyar in lallaɓa Gwaggo Adama ta ce da bakinta ta yafe kwanon zuwa kaka, don idan daga wurinta maganar ta fito Inna ba ta da ta cewa. Tun daga gaisuwa ta fara da ni, ta ce ashe masu digiri ma suna durƙusawa, ita ta ɗauka a tsaye ake koya mana. Na yi shimfiɗa mai tsawo a kan halin da ƙasa take ciki. Ta katse ni ta ce in daina kewaye-kewaye, ta san abin da ya kawo ni tun da ta ga malmala ta ƙanƙance, kuma idan ta mayar da kwanon uwata to ta mare ta ke nan a tsakiyar gari. Muna cikin haka sai ga yara sun shigo sun zazzauna a bakin ƙofa suna kallon hanya. Ashe ɗanta Garba yana cikin waɗanda aka sallama daga masaƙa a Kaduna, ya kawo mata 'ya'yansa ya tafi neman abin yi. Langar nan da na sanya a jerin al'adun da za a iya jinkirtawa, ita take ƙara wa ruwa ta dama su sha gaba ɗaya su kwanta. Na haɗiye sauran jawabina na yi sallama. Ta bi ni har zaure da ƙullin daddawa ta ce in kai wa Inna, don kwano ba ya komawa haka nan.

To ga abin da ya fi komai tayar mini da hankali, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk da na mayar da awo, Inna ba ta koma cin abinci ba. Sakinatu tana shara ta gano wata tukunya a ƙarƙashin gadonta, cike da hatsi har wuya. Ashe duk awon da na ba ta sai ta damƙi hannu guda ta zuba a ciki, ta cire daga rabonta. Da aka tambaye ta sai ta ce na ranar da Akawu zai buɗe ɗaki ya tarar da iska ne. Yaya, matar da duk rayuwarta ba ta taɓa ƙirga loma ba, wadda Baba yake yi wa tsiya cewa hannunta rariya ne, yanzu ita ce ke tsaya mini a baya in ina awo tana leƙen bakin buhu. Kasafin da na tsara don ɗakin hatsi ya tashi daga can ya tare a zuciyarta, kuma ban karanta yadda ake fitar da shi ba.

Da na rasa dabara sai na aikata abin da in aka ji a unguwa za a daɗe ana yi mini dariya. Bayan magariba na ɗauki kwanona na shiga ɗakinta, na juye tuwona a cikin nata, na zauna a tabarma na wanke hannu, na shaida mata cewa ba zan kai loma baki ba sai na ga ta kai. Ta yi salati, ta ce ina aka taɓa ganin ƙato da gemu yana haɗa hannu da uwarsa a kwano, ta kira Sakinatu ta zo ta fitar mata da wannan mara kunya. Na ce mata wannan sabon sashe ne da aka ƙara a cikin kasafi, kuma ba ya karɓar gyara. Muka zauna tuwo yana hucewa a tsakaninmu. Da ta ga da gaske kwana zan yi da yunwa sai ta sa hannu, tana ci tana harara ta. Tun daga ranar haka muke yi. In na yi loma ta yi, in na tsaya ta tsaya, kuma duk da haka sai ta faki idona ta turo gefen da ya fi miya wajena. Jinin fuskarta ya ɗan fara dawowa. Amma wannan dabara ce ta mai tare ruwa da tafin hannu. Idan aka kira ni ganawar neman aiki a Kaduna, wa zai zauna mata? Idan buhun nan ya ƙare kuwa, na san kwanon da za a fara sokewa, kuma ba na Kusfa ba ne, na Inna ne.

Saboda haka ina gabatar maka da buƙatu biyu, kuma ba ƙarin kuɗi nake nema ba, don na san kai ma a takure kake. Ta farko, ka ba da izini a sayar da babur ɗin Baba da ke jingine a zaure yana tsatsa. Shehu makanike ya daɗe yana zawarcinsa, kuma abin da zai bayar zai sayi hatsin da zai tsallakar da mu, mu da kwanukan, har sabon amfani ya shigo. Gado ne da ba a raba ba, ni da Sakinatu mun yarda, rabon ƙananan kuma na ɗauki alkawarin mayar musu da shi ranar da na fara aiki. Amma Inna ta ce ko allurar Malam ba za ta bar gidan nan ba sai da yawun na Fatakwal, ka san ba ta kama sunanka. Ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi a wurina, ka sayi kaset ka ɗauki muryarka. Takarda ni zan karanta mata, kuma za ta ce Akawu ne ya ƙara gishiri. Ka gaya mata da bakinka cewa ka yarda a sayar da babur, cewa hatsi zai kai kaka, cewa kwanon Kusfa da na Malam Lado ba za su tsaya ba, sannan ka roƙe ta ta juye tukunyar nan ta ci abinci. Kada ka ambaci rijiya, domin ta hana a gaya maka, ta ce mutum yana nesa ba a aika masa da abin da zai hana shi barci. Ni na saɓa mata a wannan, kuma na ɗauki alhakin.

Zailani ne zai kawo maka wannan takarda, zai sauke albasa a nan wajenku ya juyo a mako mai zuwa. Don girman Allah kada ya baro Fatakwal ba tare da kaset ɗin a hannunsa ba. Kada ka bi ta gidan waya, buhun ba zai jira gidan waya ba.

Ka isar da gaisuwata ga Yaya Mariyamu, Allah ya saka mata da alheri bisa haƙurin da take yi da ɗawainiyarmu. Ka shafa mini kan Binta da Nasidi, ka ce musu kakarsu tana ajiye musu da aya. Gwaggo Adama tana gaishe ka, ta ce ko ruwan teku ya wanke maka hanyar Kusfa ne. Malam Lado kullum sai ya sa ka a addu'a. Sakinatu da ƙananan suna gaisuwa. Inna ba ta aiko da gaisuwa ba, don ba ta san ina rubutawa ba.

Zan dakata a nan. Sakinatu ta fita da langa biyu tun ɗazu, an kuma fara kiran magariba. Kwano na uku yana ɗakin Inna yana jirana, in na yi jinkiri kaɗan za ta rufe shi ta ce ta riga ta ci.

Wassalamu alaikum.

Ƙaninka mai biyayya,
Isma'ila Jibril.